Kafin Ka Tsoma Burushi: Wasiƙa daga Makka

Shara Mansur,
Makka.

Aminina,

Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya ƙalau, sai zafi, shi kuwa ba sai na ba ka labari ba tunda ka ɗanɗana shi a Mina.

Saƙonka ya same ni. Na ji daɗi da kwalin ɗan jirgin roba ya iso hannunka ba abin da ya karye. Ka yi wa alhajin da ya kawo godiya, don kayansa sun yi masa yawa amma bai ƙi karɓar nawa ba. Sai dai fa na yi dariya har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya. Wai a dare ɗaya ka gama haɗa jirgin, yanzu kana tambayar yadda ake shafa fenti, kuma tun ba ka buɗe kwalbar farko ba kana so in nemo maka Boeing 747 ka yi masa kalar kamfanin Kabo. Halinku ke nan Zagezagi, ba ku iya kama abu ta ƙarami. Don kana zaune kusa da Palladan, jiragen makarantar koyon tuƙi suna wucewa ta kan rufinku tun kana yaro, sai ka ɗauka kai ma ka sauke karatun. To ita kanta makarantar, wadda aka kafa tun 1964, da ƙananan jirage masu farfela ɗaya take fara wa ɗalibanta. Da rarrafe yaro kan tashi.

Bari ka ji dalilin da ya sa na ce ka dakata. Wannan 747 da Kabo da Max Air suka yi ta jigilar alhazai da shi zuwa Jidda, tsawonsa ya haura mita 70. Ko a ma'aunin 1/144, wato an rage shi sau 144, kusan rabin mita zai ci a kan teburinka, kuma yawancin jikinsa fari ne. Babu fentin da ya kai fari wahalar da mai burushi. Ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa da wuri, duk inda gashin burushi ya bi sai ya bar sawu, duk ƙwayar ƙurar da ta faɗa masa sai ta nuna kanta. Ga jerin tagogi, ga layin da ke bin jirgi daga hanci har wutsiya, wanda in ya karkace ko kaɗan daga bakin ƙofa za a hango. Sunan Kabo da tambarinsa kuma ba za ka same su a cikin kwalin ba, sai ka nema daban ko ka sa a buga maka.

Ni ma ina da nawa burin da na jingine. Akwai jirgin DC-3 da shugaban Amurka Roosevelt ya ba Sarki Abdul'aziz kyauta a 1945, bayan haɗuwarsu a kan jirgin ruwan yaƙi Quincy a mashigin Suwes. Da shi aka aza tubalin kamfanin Saudia, kuma yana ajiye a gidan tarihin jirage na Saƙr al-Jazira da ke Riyad. Jikinsa alminiyom ne tsirara, shi kuwa fentin ruwan azurfa ya fi fari tona asiri, ko ƙarzanewar farce sai ya fito da ita. Sannan akwai jirage uku na sojan Ingila, ƙirar DH.9A, da suka taso daga Misira suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. Ka lura, Kano na ce, ba Zariya ba. Waɗannan masu fiffike biyu ne sama da ƙasa, tsakaninsu wayoyi birjik, kowace waya sai ka ja ta da zare ka ɗaure. Duk suna nan suna jirana, ban ce ba zan yi ba.

Shi ya sa na aiko maka Spitfire na Airfix a ma'aunin 1/72. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike bai wuce santimita 15 da ɗoriya ba. Samansa kore ne da ruwan ƙasa, zanen ɓad-da-kama mai lanƙwashe-lanƙwashe, ko hannunka ya ɗan goce ba wanda zai ce maka ba haka yake ba.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Takardar da ke cikin kwalin nan a Ingila aka rubuta ta, don mutumin da ke zaune cikin sanyi da laima. Haka yawancin masu koyarwa a YouTube, daga Turai suke ko Japan ko Amurka. Abin da suke faɗa gaskiya ne a ɗakinsu. Mu nan kuwa a hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai 51.8 a Harami, kuma ko ka shige ɗaki ka kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, iskar da yake hurowa busasshiya ce ƙayau. Ku can da hunturu ya kama, bushewar ɗaya ce, har kun fi mu ƙura. A irin wannan iska, fentin ruwa kan fara bushewa tun yana kan burushi, kafin ya isa jikin jirgi. Ka shafa sau ɗaya, ka dawo ka gyara, sai ka ga ya yi gudaji yana tattarewa. Mai koyo sai ya zaci fentin ne bai isa ba, ya ƙara lafta wani. Nan ake binne duk 'yan layukan da masu ƙira suka sha wahalar zanawa a jikin robar, jirgi ya koma dunƙulen kala.

Maganin abin shi ne a sirka fenti, a shafa shi siriri, a yi ta maimaitawa. Amma kafin mu kai nan akwai ɗan share fage.

Ka wanke jirgin da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, don akwai maiƙon masana'anta da na yatsunka a jikinsa, fenti kuwa ba ya kama maiƙo. Ka bar shi ya bushe da kansa. Inda ɓari biyu na gangar jikin suka haɗu za ka ga layi ya taso a gadon baya da ciki. Ka goge shi da samfefa mai laushi, lamba 600 sannan 1000, da ɗan ruwa. Kar ka ce fenti zai rufe, ba ya rufewa, ƙara fito da shi yake yi. Mazaunin matuƙi kuma tun kafin a haɗe ɓarin biyu ake yi masa fenti. Tunda ka riga ka rufe, ka zura siririn burushi ta sama ka taɓa abin da ka iya kaiwa, sauran duhu ya rufa maka asiri. Ina fata dai ba ka liƙa murfin gilashin ba tukuna. In ba ka liƙa ba, ajiye shi gefe sai ƙarshe.

Daga nan sai fentin shimfiɗa, ruwan toka. Shi ke ba fentin sama abin kamawa, shi ke kuma nuna maka inda ba ka goge da kyau ba. Wasu na tsallake shi su zauna lafiya, amma da fentin ruwa a kan roba mai santsi ban ba ka shawara ba, musamman tunda za ka liƙa salatif a kai daga baya.

A nan zan ja kunnenka. Na san ka, gobe za ka tafi wajen masu fentin mota a Sabon Gari ka ce su sam maka tina da gwangwanin feshi. Kul. Tinar fentin mota narkar da wannan robar take yi, haka ma ruwan goge jan farce. Fentin feshi na mota kuma in ka fesa shi da kauri a kan roba tsirara, yakan cinye fuskarta ta yi yamushi, babu kuma gyara. 'Yan kwalaben da suka zo a kwalin na ruwa ne, ruwa kawai suke so. Ka yi amfani da ruwan gora ko na leda, ba na rijiya mai laka ba. Wani yaron maƙwabta ya tambaye ni ko da Zamzam nake sirkawa tunda ga shi a gida jarka-jarka. Na ce masa a'a, ruwan da za a wanke burushi a zubar a kwata ba Zamzam ba ne.

Kar ka tsoma burushi kai tsaye cikin kwalba. Motsa fentin sosai da tsinken sakace har abin da ya kwanta a ƙasa ya taso, ka ɗebi kaɗan ka zuba a wani wuri, ka rufe kwalbar nan take, sannan ka ɗiga ruwa. Gwajinsa mai sauƙi ne: shafa a jikin cokalin roba. In ya bar sawun gashi, ya yi kauri. In ya tattare ya zama ɗigo-ɗigo, ruwa ya yi yawa. In ya kwanta sumul kana ɗan hango abin da ke ƙasa, ka samu. Shafin farko zai yi muni, ka ji na gaya maka tun yanzu. Zai fito dabbare-dabbare har ka ce ka ɓata jirgin. Kar ka taɓa shi. Ba shi kamar rabin awa, ka sake bi. A shafi na uku za ka ga kala ta zauna daram, layukan jikin kuma duk suna nan. Ka riƙa jan burushi daga gaba zuwa baya, yadda iska ke bin jirgi, kuma inda ka wuce ka wuce ke nan. Burushin da ya zo a kwalin na lungu-lungu ne. Nemi mai faɗin baki, mai laushi, don fukafukai. Ni a Jarir nake samu, kai kuma shagunan da ɗaliban zane na ABU ke sayayya a Samaru ba za su rasa ba.

Dabarar da ta fi yi mini amfani a wannan gari ba ta cin ko riyal biyar. Samu 'yar roba mai murfi marar zurfi, shimfiɗa tishu a ciki ka jiƙa shi sharkaf, ka ɗora takardar gashin kek a kai. A kan takardar za ka zuba fenti. Danshi na ratsowa daga ƙasa a hankali, sai fentin da zai bushe cikin minti biyu ya kai awa yana ɗanye. In kiran salla ya same ka, rufe murfin ka tafi, ka dawo ka tarar da shi yadda ka bar shi.

Lokacin aiki ma da nasa. Ni bayan Asuba nake zama, kafin gari ya ɗau zafi, kafin manyan motocin masu gini su fara tayar da ƙura. Ka san Makka ba ta rabuwa da rusau da gini, ga aikin nan da ake kira Masar kusa da mu da ya ratsa tsofaffin unguwanni ya nufi Harami. Nakan kashe fanka, in goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, in na gama shafi kuma in kife babbar roba a kan jirgin. Kai da hunturu sai ka ninka wannan. Kar kuma ka ce za ka shanya shi a rana ya yi saurin bushewa, ko ka bar shi cikin mota a rufe. Fiffiken zai lanƙwashe, ba ya kuma miƙewa.

Ka fara da kala mai haske: cikin jirgi, wato ƙasansa, tukuna, sannan ruwan ƙasa a sama gaba ɗaya, sannan ka zana iyakar kore da fensir a hankali ka cike. Tsakanin cikin da saman ana son layi miƙaƙƙe, nan salatif ke shigowa. Ka taɓa tsayawa ka kalli yadda mata ke lallen salatif? A yanka, a liƙa a hannu, a shafa lalle a kai, in an ɓare sai zane ya fito tsaf. To aikin ke nan ba ragi ba ƙari, in ka rikice ka tambayi maiɗakinka, ta fi ka sani. Bambancin kawai irin salatif ɗin. Baƙin nan na masu gyaran wuta yana barin danƙo in ya ji zafi. Na takarda ake so, mafi kyau rawayan nan na Tamiya. In na kanti ka samu, liƙa shi a bayan hannunka sau biyu ya rage ƙarfi kafin ka ɗora a jirgi. Ka bar fentin ƙasa ya kwana kafin ka liƙa, don bushewar sama daban, ƙeƙashewar ciki daban. Danne bakin salatif da tsinke, ka ja burushi daga kansa zuwa waje don kada fenti ya kurɗa ƙarƙashi, kuma ka ɓare a ranar. Salatif da ya kwana uku a zafin nan da fenti yake tasowa.

Sai sitika, wato tambura da lambobi. Waɗannan ba irin na ɓarewa a manna ba ne. Yanka ake yi ɗaya-ɗaya da almakashi, a tsoma a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, a ajiye har ta saki takardarta, sannan a zamar da ita kan jirgi da jiƙaƙƙen burushi, a danne da audugar goge kunne daga tsakiya zuwa gefe. Ga inda mutane da yawa ke faɗuwa: fentin da ba ya ƙyalli fuskarsa kaushi gare ta ko da ido bai gani ba. In ka ɗora sitika a kai, iska na maƙalewa a ƙarƙashi, sai gefenta ya yi fari-fari yana walƙiya, kowa ya gane liƙi ne. Don haka kafin sitika sai ka shafe jirgin da banish mai ƙyalli, ya kwana. Bayan sitika ta zauna ta bushe, ka bi da banish marar ƙyalli, don jirgin yaƙi ba ya sheƙi. In ka yi haka tambarin zai zama tamkar da fenti aka zana shi. Akwai ruwan Micro Set da Micro Sol masu tausasa sitika ta bi lungu, amma ba ka buƙatarsu yanzu.

Maganar sitika ta tuna mini wani abu da masu bidiyon can ba za su taɓa gaya maka ba. Jirgin da nake kai yanzu Hawk ne, ina so in yi masa kore da fari irin na tawagar wasan sama ta Saudiyya da ke Tabuka. Jiragen ƙasar nan, na soja da na fasinja, suna ɗauke da tutar Saudiyya, tutar kuwa kalmar shahada ce a jikinta, dalilin da ya sa ma ba a sassauto da ita rabin sanda ko sarki ne ya rasu. To a takardar sitika za ka ga tutar 'yar mitsitsiya, wani lokaci har da ragowa. Ni ba na jefa ragowar a kwandon shara. Ina da ambulan da nake tarawa, wadda ta yage kuma in ƙona ta yadda ake yi wa takardar da ke da sunan Allah. Jirgin da ke ɗauke da ita ma ba na ajiye shi ƙasa inda yara za su taka. In ka zo yin jirgin Saudiyya ka tuna. Haka ɗan mutum-mutumin matuƙi da ke zuwa a kwali: ni ba na sa shi, kujera nake bari da bel ɗin da na yanka da salatif, kuma ta fi kyau a idona. Kai dai ga malamai nan kewaye da kai a birnin ilimi, ka tambayi hukuncinsa.

Akwai wani dattijo a layinmu, cikin Hausawan nan da aka haifa a Makka, kakansa da ƙafa ya zo ta Sudan, tafiyar shekaru. Duk sanda ya gan ni da kwali sai ya ce, “Malam, har yanzu ba a gama wasan yaran ba?” Ranar da na nuna masa hoton jirgin Nigeria Airways, kore da fari da giwar nan mai fiffike, sai ga shi ya gyara zama yana ba ni labarin yadda suke zuwa Jidda tarbar alhazai. Tun 2003 kamfanin ya mutu, amma mutumin bai manta kalarsa ba. Yanzu shi ke tambayata yaushe zan yi irinsa. Abin mamaki, garin nan ko filin jirgi babu, sai Jidda ko Ɗa'if, in ka ji ƙara a sama to helikwaftan tsaro ne lokacin hajji. Amma da wuya ka sami gidan Bahaushe a nan da ba shi da labarin jirgi.

Murfin gilashi shi ne ƙarshe. Kar ka kusance shi da sufa gulu, tururinsa na sa shi ya yi hazo fari, ba ya kuma gogewa. Farin gam na kafintoci ya isa, ɗan kaɗan a bakin tsinke, in ya bushe ba a ganinsa. Sandunan jikin gilashin ka ja su da burushi mafi siriri, in fenti ya goce ka kankare da tsinken sakace bayan ya ɗan bushe.

Batun tsufar da jirgi kuma, wato a sa masa datti da hayaƙi da ƙarzanewa don ya yi kama da wanda ya sha aiki, ra'ayina shi ne an wuce gona da iri. Za ka ga wani ya yi wa jirgi baƙin layi a kowace gaɓa, ya zuba masa tsatsa, alhali alminiyom ba ya irin wannan jan tsatsar, kuma babu rundunar da za ta bar matuƙinta ya hau abu a wannan hali. A jirgin farko ka kankare bakin fensir, ka shafa garin da auduga a bayan bututun hayaƙi, siririn layi zuwa baya. Ya wadatar.

Injin feshi da ka tambaya, ka bar shi tukuna. Da shi da kwamfresa kuɗinsu ya sayi kwalaye da yawa, wanke shi ya fi aikin da shi cin lokaci, a busasshiyar iska fenti na toshe bakinsa kowane ɗan lokaci, ga kuma halin wutarku. Ka gama jirage uku ko huɗu da burushi. In har lokacin abin bai fita ranka ba, sai mu yi maganar inji, a nan ne kuma 747 zai shigo.

In Allah ya yarda, akwai masu umara da za su koma ƙarshen wata. Zan ba su fentin Vallejo kala shida, da banish iri biyu, da salatif ɗin Tamiya. Na ruwa kawai zan iya aikowa, don ba a yarda da gwangwanin feshi da fenti mai kama wuta a kayan fasinja ba. Shi Vallejo kar ka sirka shi da sifirit, dunƙulewa yake yi. Sifirit amfaninsa ɗaya, in aiki ya ɓaci ka jiƙa auduga ka goge fentin ka sake daga farko, robar ba abin da zai same ta. Ina kuma cigiyar Alpha Jet, irin na sojan samanmu da ke Kainji, don ya zama na biyunka.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina sa ta a addu'a a Harami. Ka gai da maiɗakinka da yara. In ka yi shafin farko ka ɗauki hoto da rana a bakin taga ka turo mini ta WhatsApp kafin ka yi na biyu, ko da ya yi muni.

Wassalam.

Naka,
Bakanon Makka